Hakkin Tsuntsu a Kan Itacen Gona

Shin wanda ya mallaki gona ya mallaki rayukan da ke bisa itatuwanta? A ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har babu sauran daji, tsuntsu ba shi da mafaka sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar da kakanni suka bari a tsakiyar shuka. Ran da aka sare su, ya rasa gida.

Shari'a ba ta hana mutum saran itacensa don bukata ba. Amma Alƙur'ani, a Suratul An'am aya ta 38, ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar mutane. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abin da tsuntsu ya ci daga dashen Musulmi cikin sadakarsa. Abu Dawuda ya kawo kashedi mai tsanani kan saran magarya, ya fassara shi da wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta.

Manomi yana da hujja, kuma ba ta wasa ba ce: jan-baki kan sauka a gero ya bar zangarniya fanko. Sai dai itacen da ya ɗauki jan-baki shi ne shamuwa ke sheƙa a kansa, ita kuwa fara take ci. Jemage, wanda yara ke jifa, shi ke barbarar furen ɗorawa da na kuka cikin dare; in babu shi, kalwar daddawa ta ragu.

Bayan farin 1973 an dasa darbejiya da turare da yawa don tare iska. Sun ba da inuwa da itacen girki, ba a musu. Amma baƙi ne, daga Indiya da Ostireliya, kuma babu wanda ya kai gawo sanin halin ƙasar nan: yana zubar da ganye da damina, rana ta isa ga shuka, ya yi kore da rani, awaki su ci 'ya'yansa.

Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, suka daina tumɓuke kututturen da ya yi toho a gona. Sukan sassabe shi, su bar reshe biyu ko uku su girma, ba tare da sayen iri ko ban ruwa ba.