ƘYAUREN ZUCIYA DA HAƘƘIN DABBA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi na Dogondutsi da Tibiri, ku sani Allah Ya sanya wa zuciyar ɗan Adam ƙyamare huɗu, masu buɗewa da rufewa domin kada jini ya koma baya. Akwai ciwon maƙogwaro wanda in ba a magance shi ba, yakan jawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ga yaro, daga bisani ya lalata ƙyauren nan. Sai a ga matashi yana haki, ƙafafunsa suna kumbura. In abin ya tsananta, babu makawa sai an yi masa aiki.

To, daga ina aka sami ƙyauren da ake musanyawa? A shekarar 1960, a Amurka, likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka sanya wa mutum ƙyaure ƙirar hannu, ya rayu, bayan sun gwada shi a jikin karnuka. A Faransa kuma, Alain Carpentier ya gano hanyar sarrafa ƙyauren alade har jikin mutum ya karɓe shi. Ana kuma yin wani daga tantanin zuciyar saniya. Yau da tumaki aka fi yin gwajin kafin a kai ga mutane.

Menene hukuncin wannan? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu da neman magani. Shi ne kuma ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Don haka malamai suka halatta gwajin bisa sharaɗi: buƙata ta gaskiya, da gusar da zafi ga dabba, da barin ɓarna. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta dasa sashen dabbar da ake ci in an yanka ta, da na waninta idan lalura ta kama. Saboda haka kada ɗan'uwa ya ƙi aikin da zai ceci ransa don shakka.

Amma mu nan Arewa, Yamai ba kusa ba ce, aikin kuma yana da tsada. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin hana daskarewar jini muddin ransa. Alhali penisilin mai araha, in an bayar da wuri, yakan tare wannan musiba. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, mu kai shi gidan likita, kada mu tsaya ga wanzami da cire hakin wuya. 'Ya'yanmu amana ne, za a tambaye mu game da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunSa. Amin.