Ko yunwa tana koya wa jinjiri shan mama?



Wata gardama ce ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci, har ta cinye mana rabin lokacin karatu. Ni malamar karatun manya ce, ba likita ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo muku ita mu duba tare.

Wata ɗalibata, yarinya mai shekara kamar 19, haihuwar fari ta zo mata da wuya, sai da aka yi mata aiki a gidan likita. Bayan aikin zazzaɓi ya kwantar da ita kwana 12. Cikin kwanakin nan yayar mijinta ta riƙe jinjirin. Ta sayo madarar gwangwani da kwalbar nan mai bakin roba da muke ce wa bibero, kuma Allah ya raya yaro. Da uwar ta samu sauƙi ta ɗauki ɗanta ta ba shi mama, sai ya kau da kai, ya banƙare, ya tsala ihu. Aka miƙa masa bibero, ya yi tsit yana zuƙa.

Aji ya rabu. Tsofaffi suka ce a jefa kwalbar nan a salga, a ƙyale shi, in yunwa ta ci shi zai kama don dole. Ƴan mata suka ce ya riga ya saba, a bar masa kwalbarsa, kada a wahalar da shi. Wata ta ce nonon ne ya ɓaci, a tatsa a ƙoƙo a saka tururuwa a gani. Ita kuwa mai ɗan tana zaune, kai a sunkuye, ba ta ce uffan ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko faɗin sunansa, balle ta yi gardama a kansa.

To, mai karatu, ga tambayar: ya halatta a wahalar da wanda bai san komi ba domin alherinsa?

Kada ka yi saurin cewa a'a. Muna yin haka kullum. Muna kai jinjiri rigakafi, a soka masa allura yana kuka, mu kuwa muna riƙe masa ƙafa. Kuma tsofaffin nan suna da gaskiya wajen tsoron bibero. Bakin robar nan yana da lungu inda madara ke maƙalewa ta rube. In za a yi shi daidai, sai an tafasa kwalba, an tafasa ruwa, sau da yawa a yini, ga itace da gawayi da tsada. Gwangwani yana cin jika-jika, ba ya daɗewa. In ya kusa ƙarewa, kuɗi babu, sai a ƙara ruwa a rage gari don ya kai ranar kasuwa. Daga nan zawo, daga zawo tamowa. Wannan ɓarna ce ta sa a shekarar 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'ida don taƙaita tallar madarar jarirai da bibero. Saboda haka inda tsofaffi suke son a je, can ya kamata a je. Hanyar da suka zaɓa ita ce nake shakka.

Allura tana yin aikinta ko yaro ya gane ko bai gane ba. Yunwa kuwa, aikin malami ake son ta yi, wato ta koya masa abin da ya mance. A nan nake da ɗan abin faɗi, don koyarwa sana'ata ce. Ban taɓa ganin wadda ta gane baƙi da wasali tana cikin firgita ba. In na daka wa ɗaliba tsawa a gaban allo, ko "ba" da ta sani jiya sai ta ɓace mata. In haka yake ga mai shekara 40, ina ga ɗan kwana 20?

Gama shan mama aiki ne, kuma dabararsa dabam take da ta kwalba. A bibero yaro yana tsuke baki, madara tana zubowa nan take, ko bai yi ƙoƙari ba. A mama sai ya wangame baki, ya kama kan maman tare da baƙin da ke kewaye da shi, ya yi aiki da harshe da muƙamuƙi, ya kuma jira ɗan lokaci kafin nono ya sauko sosai. Wanda ya saba da samu nan take, wannan ɗan jiran ne ke ba shi haushi. Ba uwarsa ya ƙi ba, bai ma san ƙiyayya ba tukuna. Jinjirin da yunwa ta kai shi ga ihu, harshensa sama yake ɗagawa, ba zai iya kamawa ba ko yana so. In ya gaji sai ya yi barcin wahala, a ce ya haƙura. A zafin watan Afrilu na Tawa ko Damagaram, yini guda ba shan komi ya isa ya busar da ɗan ƙaramin jiki irin wannan.

Akwai kuma wadda aka mance da ita cikin gardamar, wato uwar. Jikin mace yana yin nono gwargwadon abin da aka cire. In an tsotsa ko an tatsa, ya ƙaru. In an bari, ya ragu. Kwana 12 ba a taɓa shi ba, dole ya ja baya, amma bai ɓaci ba, kuma tururuwa ba ta da abin da za ta shaida. Sannan akwai wani sinadari a jiki, likitoci suna ce masa oksitosin, shi ke matso nono ya sauko. Jin ɗumin yaro da kwanciyar rai suna taimakonsa. Tsoro da zafin ciwo da ɓacin rai suna tsayar da shi na ɗan lokaci. Ka ga ke nan, duk wadda ta tsaya bisa kan mai jego tana cewa "ke ce kika lalata shi", da bakinta take riƙe nonon da take faɗan a bayar. Laifi tudu ne. Ita yarinyar nan wane laifi ta yi? Ciwo ta yi. Yayar mijin kuma da ta sayo kwalba, rai ta ceta da abin da ta samu a hannu.

Da na kai maganar wurin ungozomar gidan awo, abin da ta nuna mana bai da wuyar ganewa, sai dai yana da cin lokaci. A aje bibero, amma kada a aje ciyarwa. A ba yaro madararsa da ƙaramin kofi mai tsabta: a zaunar da shi, a jingina bakin kofin ga leɓensa na ƙasa, ya lasa da kansa, kada a ɗura masa. Kofi yana wankuwa sarai, kuma ba ya kashe masa marmarin tsotso. Uwa ta cire riga ta kwantar da shi tsirara bisa ƙirjinta, fata da fata, a rufa musu zane, ko da ba shan zai yi ba. Mu da muka iya goyo a baya, sai mu mayar da shi gaba na ƴan kwanaki. A miƙa masa mama tun yana motsa baki yana tsotsar hannu, ko yana cikin magagin barci, tun kafin kuka ya zo. In ya zo da yunwa sosai, a fara ba shi kaɗan a kofi ya huce, sannan a gwada. Uwa ta tatso ɗigo ya tsaya a kan maman, don ya ji ɗanɗano da ya kama. Wata kuma ta zauna kusa da cokali tana ɗiga madara bisa maman tana gangarowa bakinsa, ya ga ashe a nan ma ana samu. In ya banƙare, a dakata. Kada a danna masa kai.

Za a san ya kama daidai in bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa maman, ana jin yana haɗiya, uwa kuma ba ta jin zafi. A yi ta ba shi sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Na dare kada a bar shi, don lokacin ne sinadarin da ke yin nono ya fi yawa. Duk sa'ad da ya ƙi, uwa ta tatsa da hannu a ba shi a kofi. Madarar gwangwani kuwa a hankali ake rage ta, ana kai shi awo kowane mako. In yana fitsari sau 6 ko fiye a kwana guda, nauyi yana ƙaruwa, to ana bisa hanya. In fitsari ya ɗauke, ko maɗiga ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya ko iya kuka, a bar duk wata dabara a ruga likita.

Yanzu sai ka lissafa. Macen da za ta zauna da jinjiri a ƙirji dare da rana har mako biyu ko uku, wa zai yi mata daka? Wa zai je rijiya? Wa zai dafa tuwon maigida? A nan ne na gane abin da ya sa shawarar yunwa take da farin jini: ita ce mai arha. Ba ta cin komi daga kowa, sai daga jinjiri da uwarsa. Shawarar ƴan mata ma haka, maigida ya sayi gwangwani, kowa ya huta. Hanyar ta uku ita kaɗai ke neman uwar miji ta ɗauki taɓarya, kishiya ta karɓi girki, miji ya kawo hatsi da nama ya kuma rage kira. Ayar suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa bisa uban ɗan. Mun riƙe rabin farko da kyau. Rabin na biyu ne muke yawan mancewa.

Ban ce kowace mace za ta dace ba. Jinjiri ƙarami ya fi saurin komawa bisa wanda ya yi watanni da kwalba. Wata nononta zai dawo duka, wata rabi, sai ta haɗa da kofi. Ma'aikaciya kuma, hutun haihuwarta mako 14 ne, alhali ana son yaro ya yi wata 6 ba ya shan komi sai nonon uwa, ko ruwa. Ita sai ta tatsa ta bari a rufe wuri mai sanyi, a ba shi cikin ƴan awoyi. Wadda ta yi iyakar ƙoƙarinta abin bai cika ba, ba ta da abin kunya, kuma ba hurumina ba ne, ba naka ba ne, mu auna ta.

Ita ɗalibata, uwar mijinta ce ta fi kowa ɗaga murya a kan a bar shi da yunwa. Ita ce kuma ta riƙe cokalin. Kwana 4 na farko yaro bai kama ba sam. Daren na biyar, yana cikin barci, ya kama ya ja kaɗan ya saki. Sai da aka shiga mako na uku kafin gwangwani ya koma sau ɗaya da maraice, kuma har ranar da nake wannan rubutu ana ba shi wannan kofi guda. Ta komo aji ranar Litinin da shi ɗaure a gaba. An wuce ta da darasi tara, lissafin ragewa duk ya ɓace mata, sai mun sake daga farko.