HALI ZANEN DUTSE NE? BAMBANCIN ƊABI'U DA AIKIN TARBIYYA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci bayinsa daban-daban, ya raba musu halaye kamar yadda ya raba musu arziki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda da Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai maganganu biyu da suka yi yawa a bakinmu, a gida da kasuwa har da cikin zawiya. Ta farko ita ce: "Ni haka Allah ya yi ni." Mutum ya tashi iyalinsa da masifa tun asuba, ko ya ci mutuncin yaron shagonsa a gaban masu ciniki, in an yi masa magana ya ce haka Allah ya yi shi. Ta biyu ita ce: "Me ya hana ka zama kamar wane?" Uba yana faɗa wa ɗansa, miji yana faɗa wa matarsa, malami yana faɗa wa almajirinsa. Mai maganar farko ya yafe wa kansa gyara, mai ta biyu yana son Allah ya sake halittar wani don ta dace da son ransa. Aure nawa ne ya mutu tsakanin waɗannan maganganu biyu, abokan kasuwanci nawa suka raba jari, murid nawa ya daina zuwa wazifa?

ASALIN BAMBANCIN

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari (R.A) cewa an halicci Annabi Adamu (A.S) daga damƙin ƙasa da aka ɗebo daga ko'ina a doron duniya, shi ya sa 'ya'yansa suka fito kamar ƙasar: launinsu daban-daban, wani mai sauƙi wani mai tauri.

Mutumin Damagaram ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Ga manyan duwatsun Birni, ga rairayin Damargu da ke ba da gero, ga yumɓun Mirya da ake gina tukwane da shi, ga damshin Korama wajen Matamai inda rake yake yi. Ba manomin da zai kai rake jigawa sannan ya zagi jigawa don bai yi ba. Yakan duba ƙasa tukuna, ya san irin da za ta karɓa. To me ya sa muke yi wa gona adalcin da ba mu yi wa mutane?

Lokacin da baƙin ƙabilar Abdul Ƙaisi suka iso Madina, jama'arsu suka yi ribibi zuwa wurin Annabi (S.A.W), amma Ashajju ya tsaya ya kimtsa kaya, ya sake tufa, sannan ya zo a natse. Annabi (S.A.W) ya gaya masa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. Ya tambaya ko shi ya koye su ko da su aka halicce shi, aka ce masa da su aka halicce shi, sai ya gode wa Allah. Ashe akwai halin da ake haihuwar mutum da shi, kuma wannan rabo ne daga Allah.

MAKARANTA ƊAYA, ƊALIBAI DABAN-DABAN

Dubi Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar (R.A). A shekara ta 2 bayan hijira, da aka kamo fursunoni 70 a Badar, Abubakar ya ba da shawarar a karɓi fansa, Umar ya ba da shawarar a kashe su. Annabi (S.A.W) bai ce wa ɗayansu ya koma kamar ɗan'uwansa ba. Ya kamanta taushin Abubakar da na Annabi Ibrahimu da Annabi Isa, ya kamanta tsananin Umar da na Annabi Nuhu da Annabi Musa (A.S). Kowane hali a cikin biyun yana da magabaci cikin Annabawa.

Amma lura da abin da tarbiyya ta yi musu. A shekara ta 11, ranar wafatin Annabi (S.A.W), Umar mai ƙarfin nan ne ya ruɗe, Abubakar mai yawan kukan nan ne ya tsaya ya natsar da al'umma. Da wasu ƙabilu suka hana zakka, Abubakar ne ya dage sai an yaƙe su, Umar kuwa da farko ya so a sassauta. Wannan Umar ɗin, a zamanin halifancinsa, shi ne mai yawon dare yana duba masu jin yunwa, yana ɗaukar buhun gari a bayansa. Abubakar bai daina taushi ba, Umar bai daina kwarjini ba, sai dai kowannensu ya sami abin da ɗabi'arsa ta rasa a ranar da addini ya bukace shi. Wannan ita ce tarbiyya.

KOWACE ƊABI'A DA ƘOFARTA DA RAMINTA

Likitocin da, irin su Ibnu Sina wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan hijira, sun kasa ɗabi'ar ɗan Adam gida huɗu bisa zafi da sanyi da damshi da bushewa, malamanmu kuma suka saba kiransu wuta da iska da ruwa da ƙasa. Likitancin yau ya bar wannan rabo, kuma ba mutumin da yake gida ɗaya zalla. Amma a matsayin madubi na duba kai yana da amfani.

Mai ɗabi'ar wuta shi ne mai himma da kishi, ba ya ganin zalunci ya yi shiru, shi ake turawa gaba in aiki ya cije. Raminsa fushi da son girma. Mai ɗabi'ar iska shi ne mai fara'a da son jama'a, shi ke sada zumunci, shi ke janyo masu ciniki. Raminsa surutu da giba da alkawarin da ba ya cikawa. Mai ɗabi'ar ruwa shi ne mai haƙuri da kawaici, a wurinsa ake sulhu. Raminsa kasala da jinkirta salla da yin shiru inda ya kamata a faɗi gaskiya. Mai ɗabi'ar ƙasa shi ne mai zurfin tunani da riƙon amana, shi ake ba ajiya. Raminsa riƙo a zuci da mummunan zato da ƙanƙame hannu.

Shaiɗan yakan zo wa kowa ta ƙofar da ya saba shiga. Yakan ce wa mai wuta fushinsa kishin addini ne, ya ce wa mai ruwa kasalarsa tawakkali ce, ya ce wa mai iska gibarsa nasiha ce, ya ce wa mai ƙasa rowarsa tattali ne. Wanda bai san raminsa ba zai faɗa ciki yana zaton ibada yake yi.

A WURIN AIKI

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri (R.A) ya nemi a ba shi shugabancin wani yanki, Annabi (S.A.W) ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa yana da rauni a wannan fage, kuma mulki amana ne da ke zama nadama ranar ƙiyama. Abu Zarri kuwa shi ne wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe da gudun duniya. Halidu ɗan Walidu, wanda ya musulunta bayansa da shekaru masu yawa, shi aka ba tutar yaƙi. Bilal aka ba kiran salla, Zaidu ɗan Sabitu aka ba alƙalami. Darajar mutum a wurin Allah daban, dacewarsa da wani aiki daban.

Garin nan namu ma da haka ya ginu. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, an kewaye Birni da ganuwa, maƙera suna zuba igwa, fatake a Zango suna ɗaure kayan ayari zuwa Agadas har Tarabulus, malamai suna zaure suna karantarwa. Da an tilasta wa maƙeri ya zauna ya yi lissafin fatake, ko an ɗora wa malamin zaure jan ayari a hamada, da an yi asarar su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, ya kai mai shago a Kasuwar Dole, yaronka mai shiru-shiru da ba ya iya kiran masu ciniki, gwada shi a kan ajiyar kuɗi da lissafi kafin ka kore shi. Mai bakin nan da kake jin daɗinsa, bar shi a bakin shago, amma kada ka yi saurin damƙa masa makulli sai ka gwada riƙonsa. Kai kuma uba, ɗanka da allo ya yi wa nauyi amma hannunsa ke gyara duk abin da ya lalace a gida, tsare masa karatun da zai bauta wa Allah da shi, sannan ka kai shi inda baiwarsa take, ka daina auna shi da yayansa. An ruwaito cewa wani mai yawan ibada ya rubuta wa Imamu Malik yana kiransa ya bar karantarwa ya keɓe, Imamu ya amsa masa da cewa Allah ya raba ayyukan alheri kamar yadda ya raba arziki, wani an buɗe masa salla, wani azumi, wani sadaka, shi kuwa an buɗe masa yaɗa ilimi, kuma yana fatan dukansu biyu suna kan alheri.

A CIKIN GIDA

Mafi yawan ƙarar da ake kawowa gaban malamai tsakanin miji da mata ba ta kai ta saki ba a farkonta. Shi mai zafi ne, yana son a amsa masa nan take. Ita mai sanyi ce, in an ɗaga mata murya sai ta yi shiru. Shi ya ɗauki shirun raini, ita ta ɗauki zafin ƙiyayya, alhali kowa da yaren ɗabi'arsa yake magana. Annabi (S.A.W) ya hana mumini ya ƙi matarsa ɗungurungum, domin in wani halinta bai yi masa ba, wani zai yi masa. Shi da kansa ya gaya wa Nana A'isha (R.A) cewa yana gane ranar da take fushi da shi da ranar da take farin ciki daga irin rantsuwar da take yi. Dubi irin wannan lura. Kai da ka shekara 20 da uwar 'ya'yanka, ka san abin da ke faranta mata?

A nan akwai gargaɗi. Wasu sukan je a buga musu lissafin haruffan suna, a ce tauraronsu bai zo ɗaya da na wance ba, a fasa aure ko a kashe shi. Samarin yanzu kuma suna amsa tambayoyi a wayar salula, a jefa su cikin ɗaya daga gida 16, su riƙe wannan kamar hukuncin da ba ya tashi. Ba a sanin hali ta ƙidayar haruffa. Ana saninsa ta maƙwabtaka da tafiya da cinikin kuɗi, kamar yadda Sayyidina Umar ya tambayi wanda ya zo yi wa wani shaida. Gaibu kuwa na Allah ne shi kaɗai.

A CIKIN ZAWIYA

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya amsa wannan a cikin Ihya'u. Ya nuna cewa da hali ba ya gyaruwa da wa'azi da wasiyya sun zama banza, ga shi kuwa ana horar da doki da shaho da kare. Abin da ake nema shi ne a dawo da fushi da sha'awa tsaka-tsaki ƙarƙashin hankali da shari'a, ba tumɓuke su ake yi ba. Ya kuma ce shehin da ke ba dukan muridai magani iri ɗaya kamar likita ne mai ba dukan marasa lafiya magani ɗaya, zai halaka da yawansu.

Leƙa wurin majemanmu ka ga misali. Ana kawo fata ɗanya mai wari, a jiƙa ta, a kankare gashinta, a tsoma ta cikin bagaruwa, a shafa mata mai, a murza ta har ta yi laushi. Fatar akuya ba ta komawa ta saniya, amma wadda da ake toshe hanci saboda ita, yau ita ce gafakar Alƙur'ani. Haka murid yake a hannun mai tarbiyya.

Lazimin da muke yi safe da yamma iri ɗaya ne ga kowa: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ruwan sama ɗaya ne, amma kowace gona da abin da take fitarwa. Wani zikiri yakan sa shi kuka, wani ya sa shi shiru, wani ya tashe shi ya hau shimfiɗa tabarmi da ɗebo ruwan alwala. Kada mai kuka ya ce mai shiru zuciyarsa ta bushe, kada mai shiru ya ce mai kuka riya yake yi, kada mai karatu ya raina mai hidima. Cikin sharuɗɗan da muka karɓa ranar da aka ba mu wuridi akwai barin yanke zumunci da bayin Allah, musamman 'yan'uwa na ɗariƙa. Wanda ya ƙaurace wa da'irar wazifa don jininsa bai haɗu da na wani ba, ya sake duba alkawarinsa.

ABIN YI

Na farko, nemi wanda ba ya jin tsoronka, muƙaddaminka ko aminin ƙwarai ko iyalinka, ka tambaye shi raminka, kuma kada ka yi gardama in ya faɗa. Laifi tudu ne, mutum ba ya ganin wanda ya taka.

Na biyu, yaƙi ramin da kishiyarsa, kaɗan-kaɗan kullum. Mai wuta in ya hasala ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Mai iska ya ƙidaya alkawuransa kafin ya kwanta. Mai ruwa ya riga ladan zuwa masallaci. Mai ƙasa ya fara yi wa wanda yake riƙe da shi sallama, ya fitar da sadaka ko ta dala biyar ce.

Na uku, uzurin ɗabi'a ka ba ɗan'uwanka, kada ka ba kanka. In shi ya yi maka zafi, ka ce ɗabi'arsa ce, ka yi haƙuri. In kai ka yi, ka ce laifina ne, ka nemi gafara tun rana ba ta faɗi ba.

Ya Allah, kamar yadda ka halicce mu daban-daban, ka haɗa zukatanmu a kan son Annabinka (S.A.W). Ka nuna mana aibinmu, ka shagaltar da mu da shi ga barin na mutane. Ka zaunar da gidajenmu lafiya, ka sa albarka a sana'o'inmu, ka ba Damagaram da ƙasar Nijar da sauran ƙasashen Musulmi zaman lafiya da damina mai albarka. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka cika mu da imani, albarkacin Shugaban halitta (S.A.W). Amin.