Wa muke yi wa dariya in ɓarawo ya tsere?

A 1977 an yi wani fim na ban dariya a Amurka, Grand Theft Auto, wanda ba kowa ya san shi ba. Wata budurwa ce ta sace Rolls-Royce ɗin ubanta, ta gudu da saurayinta. Mai kallo yana bayansu, yana fatan kar a kama su.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. Da Gizo aka yaye mu, kuma Gizo bai taɓa noma abin da ya ci ba. Gambu ya yi suna a ƙasar Kabi da waƙar ɓarayi, kasat ɗinsa har nan Ƙwanni an saurare shi ana ƙyaƙyata. Amma bari a sace moto a tashar Ƙwanni ko a kasuwar Illela, ka ga ikon Allah. Waɗanda suka yi dariya jiya su ne da sanda yau.

Munafunci ne? Ni dai a ganina amsar tana cikin ginin jimla. A labarin ban dariya, ɓarawo shi ne mai aikatawa: ya lallaɓa, ya buɗe, ya arce. Mai kaya kuwa ko dai attajiri ne da ba ya jin asara, ko ba a nuna shi sam. Ba a nuna mana ɗan kabu-kabu na Malbaza da ya ɗauki moto bashi, wanda gobe zai biya kuɗin abin da ba ya hannunsa. In ba mu ga fuskar wanda aka cuta ba, sai mu ce "wayo". In ƙanenmu ne, sai mu ce "sata".

To, ku saurari yadda ake ba da labarin taron da ya rufe ɓarawo da duka: "an kama shi", "an buge shi", "an kashe shi". Wa ya yi? "An". Wannan ƴar kalma tana ɓoye hannuwa hamsin, kowa ya koma gida ya yi alwala.

Dariyar ta shafe mai kaya, dukan ya shafe ɓarawon, ya kuma ɓoye masu dukan. Ban ce a bar dariya ba, wallahi. Amma in za ku ba da labarin sata, ku faɗi na wa ne moton. In an yi duka, ku cire "an", ku sa "mun", ku ji ko bakinku zai iya faɗa.