Ƙuri'ar Raba Gardama da Amanar Mai Tsara Tambaya



A ƙasashen da ke bin mulkin wakilci, talakawa sukan zaɓi waɗanda za su je majalisa, su bar musu aikin yin doka. Amma wani lokaci akan tsallake wakilan, a kawo magana ɗaya gaban jama'a duka a ce kowa ya amsa da i ko a'a. Wannan ita ce ƙuri'ar raba gardama. To, mene ne matsayinta a wurin Musulmi?

Asalin shawara ba ya bukatar dogon bayani. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai suna Shura, inda aka yabi muminai da yin shawara a tsakaninsu. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ra'ayin Annabi (S.A.W.) shi ne a tsaya a cikin Madina, amma da yawa daga sahabbai, musamman matasa, suka so a fita, ya kuwa fita. Abin da ya faru sananne ne, duk da haka ayar da ta sauka a Suratu Ali Imrana bayan yaƙin umurni ta yi da ci gaba da shawartarsu.

Malaman fiƙihu sun fi jingina al'amarin ga Ahlul Halli wal Aƙdi, watau masu ilimi da manyan gari waɗanda jama'a ke bin maganarsu. Waɗannan sun fi kama da wakilai. Sai dai tarihi ya nuna lokacin da wakilan da kansu suka koma wurin jama'a. Sa'ad da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar zaɓen halifa a hannun mutum shida. Abdurrahman ɗan Aufu ya cire kansa daga neman muƙamin, sa'an nan ya yi kwana uku yana zagaya Madina yana jin ta bakin mutane tsakanin Usman da Aliyu, har malaman tarihi suka ce bai bar mata a cikin ɗakunansu ba. Abin lura a nan shi ne, mai tambayar ba shi da rabo a cikin amsar.

Nan ne gizo ke saƙa. A ƙuri'ar raba gardama talaka ba shi da ikon gyara ko da harafi ɗaya. Ɗan majalisa yana iya tashi ya ce ya yarda da sashe na farko amma bai yarda da na biyu ba, a yi muhawara, a yi gyara. Mai jefa ƙuri'a kuwa kalma ɗaya aka ba shi. Saboda haka wanda ya rubuta tambayar ya riga ya yi rabin hukuncin tun kafin a buɗe akwati.

Abin da ya auku a Pakistan ya isa misali. Janar Ziya'ul Haƙ ya ƙwace mulki daga hannun Zulfikar Ali Bhutto a watan Yuli na 1977, ya yi alkawarin zaɓe cikin kwana 90, aka yi shekara bakwai ba a ga zaɓen ba. Ran 19 ga Disamba, 1984, ya kira ƙuri'ar raba gardama. Tambayar da aka rubuta ita ce ko jama'a sun goyi bayan aikin da ya soma na daidaita dokokin ƙasa da Alƙur'ani da Sunna, da kuma mayar da mulki ga zaɓaɓɓun wakilai. An kuma sanar cewa amsar i tana nufin an zaɓe shi shugaban ƙasa na shekara biyar. Aka mai da kiran a ƙaurace wa ƙuri'ar laifi a doka. Gwamnati ta ce fiye da kashi 97 cikin ɗari sun amince, 'yan adawa kuwa suka ce mutane ƙalilan ne suka fito.

Mai karatu ya dubi halin Musulmin kirki a ranar nan. Yana son Shari'a, amma bai yarda da mulkin soja ba. In ya ce i, ya ba da shaidar da zuciyarsa ba ta yarda da ita ba. In ya ce a'a, takardarsa ta nuna kamar ya ƙi Littafin Allah. An ɗaure masa abin da ba ya iya ƙi da abin da yake da haƙƙin ƙi a igiya ɗaya. Ko a ciniki Shari'a ta hana ciniki biyu a cikin ɗaya, ta hana ɓoye aibin haja, balle a mubaya'a, wadda ta fi cinikin kasuwa nauyi nesa ba kusa ba. Kuma Imamu Malik ya sha bulala a Madina a kan fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, domin mahukunta sun gane cewa hukuncin zai shafi mubaya'ar tilas.

Akwai kuma wani kuskure a cikin tambayar kanta. Abin da Allah ya riga ya yanke da nassi bayyananne ba ya ƙaruwa da yawan ƙuri'a, ba ya raguwa da ƙarancinta. Fagen shawara shi ne al'amuran da aka bar wa mutane zaɓi a cikinsu: wa zai shugabance su, na tsawon wane lokaci, a haɗe da wace ƙasa, a kan wane tsari. Janar ɗin ya tambayi mutane abin da ba nasu ba, domin ya kauce wa tambayarsu abin da yake nasu.

Wannan ba ya nufin ƙuri'ar ba ta da amfani. Akwai al'amuran da suka fi ƙarfin wakilai, domin wakilin da aka zaɓa na shekara huɗu bai kamata ya yanke abin da zai bi jikoki ba tare da ya koma wurin masu abin ba. A watan Nuwamba na 1959, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi mutanen Arewacin Kamaru, wanda ke hannun Ingila bisa amana, ko za su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya ko a ɗage maganar, suka zaɓi a ɗage. A watan Fabrairu na 1961 aka sake tambaya, wannan karon har da mata: Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru? Kimanin kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Nijeriya, mutanen kudu kuwa suka zaɓi Kamaru. Babu wanda aka sa wa imaninsa a kan sikeli. Ko da yake a nan ma hannun mai tsara tambaya ya bayyana, don ba a sa zaɓi na uku na cin gashin kai ba, abin da wasu mutanen kudu suke ƙorafi a kansa har yau. Yankin arewa ya shiga Nijeriya ran 1 ga Yuni, 1961, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa a Mubi.