Tawakkali ko Sabo?

Shekara ashirin ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, ban yarda da kuɗin da yatsuna ba su ƙirga ba. Haka Baba ya koya mini. Farkon 2023, da canjin takardun naira ya ɓatar da tsabar kuɗi, wata Hajiya ta zaɓi turmi uku, ta ce taransifa za ta yi. Na ƙi. Ta gyara mayafinta, ta shige shagon maƙwabcina.

Ranar na kasa barci. Allah ne ya hana ni, ko ni na kori arzikin da ya kawo mini har bakin shago? Sabo na riƙe, ina kiransa tawakkali. Bayan sallar asuba na ce wa ɗana, "Zo nuna mini yadda ake duba alat ɗin nan."