Malami Ɗaya Ya Isa?

A Achida, kamar sauran garuruwan ƙasar Wurno da Rabah, ana tarbiyyantar da yaro a kan cewa albarkar karatu tana tare da girmama malami. Shi ya sa ɗalibin da lissafin kalkulas ya gagare shi a aji yakan ji nauyin neman wani littafi ko wani mai koyarwa, kamar yin hakan shelar gazawar malaminsa ce. A ganina, wannan kunya ba ta da tushe ko a al'adarmu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a hannun malaman danginsa, sannan ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, kuma babu wanda ya kira hakan butulci. Haka karatun zaure yake har gobe: a sauke littafi wurin wannan malami, a ɗauki wani wurin wancan.

Kalkulas kuwa yana bukatar irin wannan yawon. Fanni ne da ke auna yadda abu ke sauyawa da yadda ƙananan sauye-sauye ke taruwa, kamar saurin hauhawar ruwa a madatsar Goronyo cikin watan Agusta, da jimillar abin da ya taru zuwa ƙarshen damina. Ɗalibin da bai taɓa ganin fannin a sakandare ba, ya tsinci kansa cikin ɗaruruwa a zauren lacca, da wuya bayani ɗaya ya wadatar da shi. Wani sai a littafin Stroud, mai tafiya daki-daki, kansa ke buɗewa. Wani sai ya ga zane a bidiyon Khan Academy, ko a laccocin da jami'ar MIT ta Amurka ta saki kyauta, idan kuɗin data da cajin waya sun yarda.

Abin da ke damuna yana wani wuri dabam. Akwai manhajojin da za ka ɗauki hoton tambaya su miƙo maka amsa. Wanda ya kwafe ta ya kai wa malami, shi ne ya ci amanar malamin, domin ya sa shi shaidar ilimin da babu shi. Gobe da wannan shaidar za a ba shi lissafin gada ko magudanar ruwa, manoman albasa da shinkafa su ɗora rayuwarsu a kai.

Ko bidiyo mai kyau ma yana da iyaka. Malamin zaure yana sauraron karatunka, ya tsayar da kai inda harshenka ya karkace. Bidiyo bai san kana nan ba. Don haka ɗalibin da ya kwana yana warware tambayoyi da hannunsa dole ya koma da takardarsa gaban malaminsa na aji. Malamin kuma, idan ya ga hanyar da ba tasa ba, hakkinsa ne ya duba ko ta kai ga daidai, ba ya tambayi wa ya koyar da ita ba.